Ranar Lapu-Lapu: Ba Hutu, Ba Rabon Shinkafa

Ban gama rufe bakina ba Alhaji ya taɓe nasa. Cewa kawai na yi gwamnatin lardin British Columbia, can yammacin Kanada, ta ware 27 ga Afrilu don karrama 'yan asalin Filifin da ke zaune a lardin. Ya ajiye kofin shayinsa a hankali, irin ajiyewar alƙalin da ya riga ya gama shari'a a zuci, ya ce, "Ana hutu?" Na ce a'a. "Ana raba wani abu?" Na ce ko ƙwayar shinkafa. Ya tura hula gaba ya ce, "To ranar mece ce? Ni ma ku shaida, na ware gobe don karrama kaina."

Majalisa ta kwashe da dariya, har mai shayi sai da ya zubar da madara a gefen kofi.

Ku da kuke karatu, kada wanda ya ce Alhaji ya cika son banza, don tambayarsa ce a bakinku. Ai na san halinmu. A wurinmu rana ba ta cika rana ba sai an fito da sanarwa da daddare cewa gobe ba aiki. In ta faɗo Asabar kuwa, sai mu kasa kunne mu ji ko za a mayar mana da ita Litinin, kamar wanda ke bin bashi. To na ba ka wannan, Alhaji: abin da British Columbia ta fitar a shekarar 2023 takardar shela ce mai hatimi. Banki a buɗe, makaranta a buɗe, mai aikin dare a asibiti ya je aikinsa. Amma kafin ka ce a nannaɗe ƙosai da takardar, bari ka ji sunan wanda aka rubuta a kanta.

A 1521 wani baturen Fotugal, Ferdinand Magellan, da ke yi wa sarkin Sifaniya aiki, ya iso tsibiran da yau ake kira Filifin. Da ƙyar ya ƙetare tekun Fasifik, mutanensa har ɓeraye da busasshiyar fata suka ci don yunwa. Sarkin Cebu, Raja Humabon, ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya yarda aka yi masa baftisma shi da matarsa da ɗaruruwan jama'arsa. Baƙon da ya zo jiya a galabaice sai ga shi yau yana aika wa masu sarautar kewaye cewa kowa ya yi mubaya'a, ya kawo gaisuwa. A wani ɗan tsibiri mai suna Mactan, wanda daga Cebu kana hango shi, wani basarake ya ce shi kam a kai kasuwa. Shi ne Lapu-Lapu.

Magellan ya ɗauki abin aikin da za a gama kafin karin kumallo. Ya ɗebi mutum 60 da sulke da bindigogi, har ya ce wa Humabon, wanda ya biyo shi da mayaƙansa, ya zauna cikin kwalekwale ya sha kallo. Humabon kuwa ya bi umarni, kallon ya sha. Da asubahin 27 ga Afrilu duwatsun ƙarƙashin ruwa suka hana jiragen matsowa gaɓa, manyan bindigogin da ke cikinsu suka zama kayan ado. Mutum 49 suka diro cikin ruwa har cinya, suna jan ƙafa da nauyin ƙarfe a jiki. Antonio Pigafetta, ɗan Italiyan da ke rubuta labarin tafiyar, wanda shi ma ya kwashi rauni a ranar, ya ce waɗanda suka tare su sun haura 1,500. Ko da ya ƙara gishiri don rage kunya, an dai fi su yawa nesa ba kusa ba. Magellan ya sa a cinna wa gidaje wuta wai don a tsorata mutanen gari, wutar ta ƙara tunzura su. Suka lura sulken baƙin bai rufe ƙafa ba, sai suka mayar da masu da kibau can. Kibiya mai dafi ta sami Magellan a ƙafa, suka rufar masa a cikin ruwa. Gawar ma an yi tayin fansarta da kaya, mutanen Mactan suka ce ba ta sayarwa ba ce. Raina kama ka ga gayya.

A aji aka karantar da mu cewa Magellan ne ya fara zagaya duniya, muka haddace, muka ci maki. Bai zagaya ba, a Mactan ya tsaya. Wani Elcano ne ya ƙarasa, ya koma Sifaniya a Satumban 1522 da jirgi ɗaya cikin biyar da mutum 18. Wanda ya tsayar da shi kuwa ko sunansa ba mu ji ba.

Na hango Ustaz yana gyara zama, yana jira in ce gwarzon Musulmi ne. Yi haƙuri, Allah ya gafarta Malam. Tsohon shugabansu Rodrigo Duterte, wanda shi ya ayyana ranar a Filifin a 2017, ya sha faɗin haka, amma Pigafetta da ya gani da ido bai rubuta ba, masana tarihi kuma ba su bi Duterte sallah ba a wannan batu. In abin alfahari kake nema, ga na gaskiya: Musulunci ya riga Sifaniyawa isa tsibiran kudu da fiye da shekara 100, kuma lokacin da suka auka wa Manila a 1570, Raja Sulaiman suka taras yana mulki. Yau ƙasar galibinta Katolika ne, amma tun 2002 ƙaramar Sallah ranar hutu ce a faɗin ƙasa, daga baya aka ƙara ta layya. Ka ga in a Manila kake, ba kai za ka ce ranar da aka ware wa tsiraru aikin banza ce ba. Alhaji ya ce, "Ai wannan da hutu." Na ce na ji, ka ci wannan ma.

Abin dariya ɗaya, a kasuwannin Manila akwai wani kifin teku mai tsoka, sunansa lapu-lapu. Gwarzo ke nan da aka kafa masa mutum-mutumi a Mactan, aka sa wa birni sunansa, aka sa hotonsa a tambarin 'yan sandan ƙasa, kuma kullum ana soya takwaransa a ci da shinkafa.

Yanzu ga abin da ya sa na ce takardar ba ta ƙosai ba ce. 'Yan Filifin ba su rasa gwaraza masu laushin hali. Suna da José Rizal, likitan ido kuma marubuci, wanda Sifaniyawa suka harbe a 1896. Amma waɗanda ke Vancouver, can British Columbia, suka zaɓi mutumin da abin da aka sani game da shi duka bai wuce cewa an ce ya durƙusa ya ƙi ba. Ku dubi kuma su wane ne suka yi zaɓin. Mutanen da duniya ta san su da murmushi da "to, ranka ya daɗe," masu canza wa tsoho zanen gado, masu goyon 'ya'yan wasu, masu wanke bene a otal da jirgin ruwa. Waɗannan ne suka je wurin gwamnatin ƙasar da suke baƙunta suka ce, in za ki rubuta mu a littafinki, da sunan wannan mai taurin kan za ki rubuta mu. Gwamnati kuma ta sa hannu.

Wani zai ce, ina ruwan biri da gada, me ya haɗa Bahaushe da Filifin? Tambayi duk wanda ya yi sakandare a Arewa wajen ƙarshen shekarun 1970. Kuɗin mai ya sa an buɗe makarantu fiye da malaman da ake da su, sai aka ɗebo malamai daga Indiya da Pakistan da Ghana da Filifin. A makarantar kwanan da na yi, wata 'yar gajeriyar mata ce ke koya mana lissafi. Kullum da laimarta, ko ruwa ko rana, gefen hannunta fari fat da alli. Hausarta ba ta wuce "sannu da aiki" da "ba kyau" ba, amma ta san inda ake ajiye kowanne. Da daddare in wuta ta ɗauke, sai ta zo ajin karatun dare da fitilar ƙwai, ta zauna da mu dolayen lissafi har a kaɗa ƙararrawar barci, ba wanda ya biya ta ko kwabo a kan wannan. Sunan da muka raɗa mata Malama 'Yar Caina.

Wata rana ta ji. Ba ta yi faɗa ba. Ta share allo tas, ta zana wani ƙaton yanki a gefe ɗaya ta ce wannan ita ce Caina. Ta bar fili mai faɗi ta ce wannan teku ne. Sannan ta shiga ɗiga alli, ɗigo bayan ɗigo, har allin ya karye ta ɗauki wani. Ta ce wannan ita ce ƙasarta, tsibirai fiye da 7,000, ta sa yatsa a kan ɗigo ɗaya ta ce nan uwarta take. Muka amsa da "to" baki ɗaya, irin "to" ɗin ɗalibin da ke jin ƙanshin wake daga ɗakin cin abinci. Kafin a tashi tara ta koma Malama 'Yar Caina. Shekara uku muna kiranta haka har ta tafi. Lissafin da ta dasa mini da shi nake cin abinci har yau, amma ƙasarta sai da na yi gemu na iya nuna ta a taswira.

To ku ninka wannan malama sau dubu ɗari tara da ɗoriya. Ƙidayar Kanada ta 2021 ta sami 'yan asalin Filifin kimanin 957,000, fiye da 170,000 daga cikinsu a British Columbia. Wasu tun shekarun 1960 suka zo, nas-nas da masu ɗinki a masana'antun tufafi na Winnipeg. Da yawa kuma ta wata ƙofa suka shigo wadda aka buɗe a 1992: mace ta zo ta zauna a cikin gidan mai gida, ta yi rainon yara ko jinyar tsoho na wata 24, sannan ta sami damar neman takardar zama. A gidan za ta kwana, a gidan za ta tashi, wanda ke biyanta albashi shi ke riƙe da makullin ɗakinta, sai a 2014 aka janye sharaɗin kwana a gidan. Mafi yawan matan nan 'yan Filifin ne, da yawansu da takardar digiri ko ta aikin jinya a cikin akwati, sun bar nasu 'ya'yan wurin kaka suna goyon na wasu. Kuɗin da irinsu ke aikawa gida daga sassan duniya ya haura dala biliyan 30 a shekara. Yaron da aka goya ya girma ya san sunan mai rainonsa, ya san daɗin girkinta. Ka tambaye shi abu ɗaya game da inda ta fito, sai ya zama ni a ajin lissafi.

A Amurka ma haka. Ita ta sayi Filifin daga hannun Sifaniya a 1898 kan dala miliyan 20, kamar gona, ta kafa makarantun jinya da Turanci, daga baya ta riƙa ɗibar waɗanda suka fito. Ƙungiyar nas-nas ta ƙasar ta lissafa cewa 'yan Filifin kashi 4 ne cikin 100 na nas-nas ɗin Amurka, amma a farkon annobar korona sun fi kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda cutar ta kashe a cikinsu. Su ne a bakin gadon da kowa ke gudu.

In kuna son ganin abin da rashin rubutu ke yi, ga Larry Itliong. Ya sauka Amurka a 1929 yana ɗan saurayi, ya bar yatsu uku a masana'antar kifin gwangwani a Alaska, abokansa suna kiransa mai yatsa bakwai. Ranar 8 ga Satumban 1965 shi ya jagoranci leburori 'yan Filifin fiye da 1,000 suka ajiye aiki a gonakin inabi na Delano da ke Kalifoniya, suna neman dala 1.40 a awa. Bayan mako guda 'yan asalin Meksiko ƙarƙashin Cesar Chavez suka shigo, aka yi shekara biyar ana fafatawa har masu gonaki suka sa hannu. Chavez ya yi nasa ƙoƙarin, ba mai hana shi. Amma tituna da makarantu da ranar tunawa duk shi suka bi, wanda ya fara kunna wutar ya mutu a 1977 ba kowa ya san shi ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Sai a 2015 Gwamna Jerry Brown ya sa hannu kan dokar da ta mai da 25 ga Oktoba Ranar Larry Itliong a Kalifoniya. Ita ma ba hutu, Alhaji. Abin da ta yi shi ne ta ba malamin makaranta dalilin ambaton sunan a gaban yara sau ɗaya a shekara, jikokin waɗancan leburori na zaune a aji suna ji.

Ƙanena ɗan boko, mai karanta jaridu uku kafin azahar, ya ce, "Yaya, kai ma ka san siyasa ce. Ƙuri'a suke nema." Sannu da gano bakin zaren, Malam Bature. Siyasa ce mana. Mutum kusan miliyan ɗaya, wane ɗan takara ne zai wuce su bai cire hula ba? Amma ka tuna, ɗan siyasa ba ya durƙusa wa wanda ba ya cikin lissafi. A 1988 Winnipeg ta tura Rey Pagtakhan majalisar tarayya, haifaffen Filifin na farko da ya shiga. A 2009 Mable Elmore ta shiga majalisar British Columbia. Ranar karramawa bayan kujeru ta zo, ba gabansu ba. Kuma wadda ta kai ƙudurin da ya mai da Yuni watan al'adun Filifin a Kanada baki ɗaya, wanda majalisar wakilai ta amince da shi a Oktoban 2018, ba 'yar Filifin ba ce. Salma Zahid ce, Musulma 'yar asalin Pakistan, mai wakiltar wata mazaɓa a Toronto da 'yan Filifin ke da yawa. Ta san masu zaɓenta, ta kuma san yadda ake ji in an kira ka da sunan ƙasar da ba taka ba.

Me ya sa Yuni? Saboda 12 ga Yuni. Kada ka zabura, ba taku ba. Amurka ta miƙa wa Filifin mulki ranar 4 ga Yulin 1946, wato daidai ranar bikin 'yancin ita Amurkar, kamar mai gida ya sa wa ɗan bara sunansa. A 1962 Shugaba Diosdado Macapagal ya ɗauke bikin ya mayar da shi 12 ga Yuni, ranar da Emilio Aguinaldo ya yi shelar 'yanci daga Sifaniya a 1898, don a san ƙwata suka yi, ba kyauta aka ba su ba. Kai da ka kwana kana musu a 2018 lokacin da aka ɗauke Ranar Dimokuraɗiyya daga 29 ga Mayu aka kai 12 ga Yuni, har ka daina gaisawa da maƙwabcinka mako guda, yau kai ne za ka ce mini kwanan wata ba ya ɗauke da komai? Kuma ranar 26 ga Agusta wa na gani da babbar riga da hula zanna yana ɗaukar hoto don Ranar Hausa? An ba ka hutu? An raba maka shinkafa?

A nan zan ajiye zolaya na ɗan lokaci. Ranar Asabar 26 ga Afrilun 2025, 'yan Filifin na Vancouver suka rufe titi suka yi bikin Ranar Lapu-Lapu, da kiɗa da rawa da motocin sayar da abinci. Da dare, ana shirin watsewa, wani mutum ya kutsa da mota cikin taron. Mutum 11 suka rasu, ƙaramarsu yarinya 'yar shekara 5, babbansu mai shekara 65. 'Yan sanda suka ce ba ta'addanci ba ne, direban yana da tarihin taɓin hankali. Washegari, ana jajibirin babban zaɓen ƙasa, Firaminista Mark Carney ya je Vancouver ta'aziyya. 'Yan Filifin suna da wata kalma, bayanihan, asalinta maƙwabta su taru su ɗaga gidan mutum ɗungurungum a kan gorori su kai masa inda zai koma, gayya dai irin tamu. A makonnin da suka biyo baya ita suka yi ta ambata, ana tara kuɗi, ana dafa abinci, ana zaman makoki a bakin titin. Da yawa a duniya a ranar suka fara jin sunan Lapu-Lapu, ta hanyar da ba wanda ya so.

Majalisa ta yi tsit. Alhaji ya cire hula ya shafa kai, ya ce Allah ya kyauta, ya ba iyalansu haƙuri.

Da aka ɗan jima na ce, "Alhaji, ba mu labarin nas ɗin nan ta Jidda mana." Labari ne da ya ba mu ya fi sau ashirin: shekarar da ya sauke farali zazzaɓi ya kayar da shi ana jiran jirgin dawowa, aka kwantar da shi, wata nas ta kwana tana duba ƙarin ruwan da aka sa masa, har shayi ta haɗa masa da asuba.

Fuskarsa ta washe. "Kai, wannan 'yar Caina akwai kirki. Allah ya yi mata albarka. Har sunanta na riƙe."

"Wane suna?"

"Na tambaye ta da ɗan Larabcina, ta dafa ƙirji ta ce Filibiniya."

Ƙanena ya ƙware da shayi. Ustaz ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Na ce, "Alhaji, ba sunanta ta faɗa maka ba. Ƙasarta ta faɗa maka."

Ya yi shiru yana kallon kofi. Ya ce ai duk kamanninsu ɗaya. Na ce haka ma'aikacin filin jirgi ya ce da ya haɗa ka layi ɗaya da mutanen Kongo, ka dawo kana ta sababi wata guda.

Ya mayar da hularsa. "Wace rana ka ce?"

"27 ga Afrilu."

"Kuma ka tabbata ba hutu?"

"Ba hutu, Alhaji."

Ya ɗaga hannu ya kira mai shayi. "Ƙara wa kowa kofi ɗaya don girman Filibiniya. Haɗi mai kauri, da biredi." Ya nuna ni da haɓa. "Ka rubuta a bashinsa, tunda shi ya kawo maganar."